Fiɗar Rage Fatar Ciki: Tsakanin Magani da Son Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ƙagi ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya ba shi jiki amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Hausawan Gadarif, zuriyar maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka har zango ya zama gida, da jikokin waɗanda suka yo hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903: wata mas'ala ta shigo gidajenmu ta wayar hannu, inda asibitocin Alƙahira da Istanbul ke tallar fiɗar cire fatar da ta saki da kitsen da ya taru a ƙasan cibiya. Mata na tambaya ko ta halatta. Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, saboda haka da sanin aikin za mu fara.

Fasali na farko: yadda ake yin aikin

Ana sa wa majiyyaciya maganin barci, likita ya tsaga fata a ƙasan mara daga wannan kwatangwalo zuwa wancan. Sai ya ɗaga fatar har kusa da haƙarƙari, ya ɗinke tsokokin ciki biyu waɗanda juna biyu ya raba tsakaninsu, ya yanke rarar, ya huda wa cibiya sabuwar kafa, sannan ya rufe. Sau da yawa akan bar siririn bututu yana tsiyayar da ruwa na 'yan kwanaki. Kimanin mako shida ba ɗaukar jarkar ruwa, ba daka, ba goyo, tabon kuwa da shi za a je kabari. Ruwa na iya taruwa a ƙarƙashin fata, ɗinki na iya ruɓa, musamman ga mai ciwon sukari ko mai shan taba, jini kuma na iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu ya zama ajali. Likitoci ba su ɗauki wannan aiki hanyar rage ƙiba ba, kuma sukan ce mai niyyar sake haihuwa ta dakata, domin sabon ciki na iya warware abin da aka ɗinke.

Fasali na biyu: hukuncinsa

Nassoshi uku ne ke riƙe da mas'alar. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ba da labarin alwashin Shaiɗan na sa bayi su sauya halittar Allah, hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim kuma ya zo da la'ana ga masu tsaga jiki su cusa shuni da masu yin wushirya don neman kyau. A ɗaya gefen, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an sare wa Arfajatu ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinariya. Mayar da gaɓa asalinta magani ne, raina asalin shi ne abin zargi.

A kan wannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gina matsayarta mai lamba 173, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007. Ta halatta fiɗar da ke gusar da aibi ko cuta, ta hana wadda manufarta sauya lafiyayyar halitta don bin son zuciya, ta kuma gindaya sharuɗɗa: likita ƙwararre, yardar majiyyaci bayan an fayyace masa haɗari, rinjayen amfani a kan cutarwa, rashin wata hanya mafi sauƙi, da kiyaye al'aura.

Dubi matar da ta haifi bakwai, fatar cikinta ta zubo ta rufe mara. A zafin bazarar Gadarif gumi na kwanciya a cikin ninkin, wurin ya yi ja, ya saɓule, ya yi wari. Mazhabar Malik ta wajabta cuɗa jiki a wankan tsarki, ita kuwa kullum sai ta ɗaga fatar da hannu ɗaya ta cuɗa gyambo da ɗayan. Idan magani da rage nauyi sun gaza, fiɗarta neman lafiya ce. Wadda kuwa cikinta lafiya lau, hoton wata ta gani ko gorin kishiya ya dame ta, ba ta da hujjar kwanciya a ƙarƙashin wuƙa.

Fasali na uku: halin da muke ciki

Bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, asibitocin Khartoum da yawa sun tsaya, 'yan gudun hijira suka cika Gadarif, nauyi ya ƙaru a kan Asibitin Koyarwa na garin. A irin wannan hali, mai naƙudar da ta tsananta ta fi cancantar gado da jinin ƙari. Wanda ya sayar da riɗin shekara don a gyara wa matarsa ciki a waje, alhali maƙwabcinsa na kwana a ajin makaranta da yunwa, ya tanadi amsar da zai bayar ranar hisabi. Mai larura ta gaskiya kuma kada a sa mata jin laifi, sai dai ta nemi likitan da ya ƙware, ta san wanda zai duba ɗinkin bayan ta dawo gida.

Ku kuma magidanta, ku ji tsoron Allah a kan harsunanku. Cikin da kuke wa ba'a shi ya ɗauki 'ya'yanku wata tara-tara, kuma sau da yawa maganar miji ce ke kai mace ɗakin fiɗa. Wanda ya tura matarsa ga haɗari da gori yana da kaso a abin da ya same ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Allah ne Mafi sani.