Shuɗin Fenti a Silin Baranda: A Kankare Ko a Bari?



Makon jiya wani ɗan'uwa da ke aiki a jihar Jojiya ta Amurka ya turo min tambaya. Ya sayi tsohon gida a gefen birnin Savannah, mai baranda a gaba, kuma silin barandar an shafe shi da fenti shuɗi mai haske, kamar launin sama da hantsi. Shi da iyalinsa abin ya burge su. Sai wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta ce masa, cikin raha, ai ya yi sa'a, fatalwa ba za ta shigo masa gida ba, don wannan launin korar ta yake yi. Tun daga ranar, in ji shi, duk sanda ya zauna a barandar ya ɗaga kai sai ya ji ba daɗi. Tambayarsa ita ce: "Malam, in kankare ne ko in bari?"

Na ba shi amsa a taƙaice, amma na ga gara a shimfiɗa maganar a nan, don irinta na nan cikin gidajenmu.

Bari mu fara da asalin abin, tunda ba a yanke hukunci kan abin da ba a fahimta ba. A Kudancin Amurka ɗin, wato jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Kudu, wannan launin har suna gare shi. Suna danganta shi da kalmar haint, wadda a bakinsu take nufin fatalwa ko kurwar mamacin da ba ta samu natsuwa ba. Mafi yawan masu ba da labarin suna mai da shi ga al'ummar Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka aka zuba a tsibirai da gaɓar tekun waɗannan jihohi don noman shinkafa. Kusan kashi 40 cikin 100 na bayin da aka shigo da su Amurka ta Arewa daga Afirka, ta tashar Charleston suka sauka. A cikin abin da waɗannan mutane suka yi imani da shi akwai cewa fatalwa ba ta ƙetare ruwa. To sai a shafa shuɗi a ƙofa da bakin taga da rufi, in ta zo ta ɗauka ruwa ne ta koma, ko ta ɗauka sama ce ta wuce. Suna kuma da labarin wata mayya da ke hawa kan mai barci da dare tana shanye masa numfashi. Duk wanda ya taɓa jin hirar dannau a garinsu ya san wannan tsoron.

Shuɗin kansa daga ina? Daga baba, wannan dai ganyen da marinanmu suka sani. A shekarun 1740 wata matashiya mai suna Eliza Lucas ta yi nasarar noma shi a gonakin mahaifinta kusa da Charleston, da hannun bayi, kuma kafin yaƙin neman 'yancin Amurka shuni ya zama kaya na biyu bayan shinkafa cikin abin da Karolina ta Kudu ke fitarwa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san warin karofi da yadda shuni ke kama hannu. Ku ƙiyasta wanda ke wannan aikin dole, ba lada, ba ranar barinsa. A Savannah akwai wani gida da ake kira Owens-Thomas, an kammala shi a 1819, yanzu gidan tarihi ne, kuma har yau ana ganin tsohon shuɗin a rufin ɗakunan da bayin gidan suka kwana.

Akwai kuma wasu bayanan. Wasu sun ce launin na korar rina da zanzaro, wai suna ɗauka sama ce sai su ƙi yin gida. Masu bin diddigi sun fi karkata ga cewa in ma tsohon fentin ya taɓa korar ƙwari, to sinadarin da ake haɗa shi da shi ne, irin su farar ƙasa. Sannan a ƙarni na 19 an yi yayin shafa wa silin baranda launin sama har a jihohin arewa, don ƙawa kawai. Yau kuwa kamfanonin fenti sayar da shi suke, masu kuɗi na shafawa, mujallun ƙawata gida na ɗaukar hoto.

To yanzu ga tambayar: abin da aka fara shi da aƙidar da ba ta inganta ba, sai aƙidar ta mutu, siffar ta rage, shin laifin na nan maƙale a jikin siffar?

Mu fara da inda babu saɓani. Ran mamaci ba ya dawowa yana yawo a lungu yana leƙa tagogi, yana barzahu. Larabawan jahiliyya ma suna da irin wannan, suna cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu na fitowa daga kansa yana kuka a kabarinsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya kore wannan. Aljanu akwai su, kambun baka gaskiya ne, ba mai musu. Amma malamai sun ajiye mana ma'auni: ba a riƙon abu a matsayin sababi sai an tabbatar da shi ta ɗayan hanyoyi biyu, ko shari'a ta faɗa, ko gwaji bayyananne ya nuna. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da azkar na safe da yamma, ta hanya ta farko suka zo. Gidan sauro da kwaɗon ƙofa, ta hanya ta biyu. Launi bai zo ta ko ɗaya ba. Wanda ya shafa don ya kore masa aljani ko fatalwa, ya riƙi abin da Allah bai sanya shi sababi ba, kuma wannan ƙaramin shirka ne. In kuwa ya ƙudurta cewa launin da kansa yake karewa, to maganar ta fi haka muni.

Amma ɗan'uwanmu ba shi ya shafa ba, bai ma san labarin ba sai da aka gaya masa. A nan ne ake buƙatar natsuwa, don na san wasu tun daga layin farko sun gama yanke hukunci.

Dalilai biyu nake son mu ɗora a sikeli. Na farko yana cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun ruwaito shi: a wata tafiya Annabi (SAW) ya aika manzo ya sanar cewa kada a bar tsirkiyar baka rataye a wuyan wani raƙumi sai an tsinke. Imamu Malik ya ce yana ganin saboda kambun baka suke ratayawa. Kun ga ba a bi kowane mai raƙumi an tambaye shi niyyarsa ba, tsinkewa aka yi. Na biyu yana cikin Abu Dawuda: Buraida (RA) ya ba da labarin cewa a jahiliyya in an haifi yaro sukan yanka akuya su shafa masa jinin a ka, da Musulunci ya zo sai suka ci gaba da yanka, suna aske kan, suna shafa za'afaran. Yankan ya tsaya, shafawar ma ta tsaya, abin da ya ɓaci a ciki aka cire.

Me ya raba su? A nawa ganin abu biyu ne. Ɗaya, shin abin yana da wani amfani ban da aƙidar? Biyu, shin ma'anar na raye a idon mutanen wurin? Tsirkiya a wuyan raƙumi, a lokacin, kowa ya gan ta ya san me ake nufi. Lokacin da muke karatu a Masar mun sha ganin shuɗin dutsen nan mai siffar ido rataye a madubin tasi da ƙofar shago da rigar jariri. In ka tambaya wani zai ce maka ado ne kawai. Wallahi ban cika gamsuwa ba, don ka ce masa ya cire ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Wannan dutsen ba shi da aikin yi sai wannan ɗin, kuma ma'anarsa da ranta. Silin baranda kuwa dole a shafa masa wani launi, shuɗi launi ne cikin launukan da Allah Ya halitta, kuma asalin al'adu halacci ne har sai dalili ya hana. Imamu Ƙarafi, Bamalike da ya rasu a 684 bayan hijira, ya yi dogon bayani cewa hukuncin da aka gina kan al'ada yana juyawa in al'adar ta juya, kuma ya gargaɗi mai fatawa da kada ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa, ya tambaye shi ta garinsu tukuna. Shi ya sa na tambayi ɗan'uwan: maƙwabtanka da gaske suke ko wasa? Ya ce yawanci wasa, kamar yadda ake ba yara tatsuniya.

Sai dai akwai abin da ya fi hukuncin tsaya min a rai. Ku tsaya ku yi tunanin wanda ya fara shafa wannan shuɗin. Mutum ne da aka raba da ƙasarsa da harshensa, ba shi da ikon kulle ƙofarsa, ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara. Abin da ke shigo masa ɗaki da dare ya ɗauke masa 'ya ko ya sayar masa da ɗa, mutum ne mai rai, mai takardar mallaka a aljihu, kuma shuɗi bai taɓa tare shi ba. Aƙidarsa kuskure ce, ba zan yi mata kwaskwarima ba. Amma ni dai ba zan iya yi masa dariya ba. Wanda aka toshe wa duk wata hanya ta zahiri, abin da ya samu yake kamawa. Mu ma in muka duba, camfi ya fi ƙarfi a inda asibiti ya yi nisa, a inda mace ta binne 'ya'ya uku kafin yaye. Mai wa'azin da ya tsinke layar ya tafi, bai koya mata addu'a ba, bai nuna mata hanyar magani ba, rabin aikin ya yi.

Kuma a wannan gaɓar tekun dai, a tsibirin Sapelo na Jojiya, an yi wani bawa Musulmi mai suna Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jalon. Ya bar rubutu da haruffan Larabci mai shafi 13, a kan alwala da kiran salla da aƙida, irin abin da almajirinmu ke samu a farkon littattafan Malikiyya, kuma yana ajiye a Jami'ar Jojiya. A shekarun 1930 jikokinsa sun ba masu bincike labarin yadda yake shimfiɗa tabarma yana salla da carbi, yana fuskantar gabas. Ƙangin ɗaya ne, tsoron ɗaya ne, shi ga abin da ya riƙe. Ɗan'uwanmu da ke Savannah bai taɓa jin sunansa ba, alhali tsibirin bai yi masa nisa ba.

Sannan fisabilillahi mu dawo gida kaɗan. Yana da sauƙi mu hango shirka a barandar Bature. Tsohon takalmin yaro da ake ɗaurewa a bayan babbar mota fa? Wuƙar da ake tura wa jariri ƙarƙashin matashi? Layar da aka liƙa saman ƙofar shago, wadda mai shagon bai ma san me aka rubuta a ciki ba? Waɗannan duk sun fi kama da tsirkiyar raƙumi fiye da fentin da muke magana a kai, don ba su da wani aiki sai shi, kuma masu yi da gaske suke.

Ga abin da na ce masa. Ba wajibi ba ne ka kankare. Ba kai ka shafa ba, ba ka ƙudurta komai ba, launin na da amfaninsa na ƙawa, kuma ma'anar ta yi rauni a wurin. Wannan rashin daɗin da kake ji in ka ɗaga kai, ka lura da shi: in tsoron saɓo ne, alhamdulillah, yanzu ka san hukuncin, ka huta. Amma ka gwada kanka da tambaya ɗaya. Da mai fenti zai zo gobe ya mai da shi fari, shin daren farko za ka ji wani ɗar a zuciyarka, kamar an cire maka wani katanga? In amsar e ce, ko kaɗan ne, to ka kira mai fentin a wannan makon. Haka in ka ji yaranka sun fara maimaita maganar maƙwabciya da gaske, ko baƙi Musulmi sun fara ɗauka cewa kariya ce ka yi, to canzawa ya fi, gwangwanin fenti ba tsada gare shi ba.

Ita kuwa dattijuwar, na ce kada ya yi mata gatsali, da alheri ta faɗa. In ta sake tayar da hirar, ya gaya mata abin da Musulmi ke karantawa kafin ya kwanta, ya kuma tambaye ta ko ta san labarin Bilali na Sapelo. Ya ce zai ɗauki yaran su je gidan tarihin nan ranar Asabar su ga rufin ɗakunan bayin da idonsu, daga nan ya yanke shawara kan silin.

Wallahu a'alam.