INA ZA KA GUDU?

Ya mai karatu, ka taɓa ganin ɗan gudun hijira? A shekarar 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare iyaka, suka shigo jihar Maraɗi, musamman ƙasar Gidan Rumji, suna tsere wa 'yan bindiga. Suka bar gero a rumbu, suka bar kaburburan iyayensu. Talakawan ƙauyuka ne suka fara buɗe musu zaure, suka raba fura da su. Tun 2012 kuma mutanen Mali sun shigo Tawa da Tilaberi da irin wannan wahala. Ba don daɗi mutum ya ke barin gidan ubansa da tsakar dare ba.

Akwai dokar da ta ke kāre irin waɗannan bayin Allah. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashe suka taru a Janeba, suka ƙulla yarjejeniya ran 28 ga Yuli, 1951. Da fari ta shafi waɗanda suka gudu saboda abubuwan da suka faru kafin wannan shekara, amma a 1967 aka kawar da wannan iyaka. A 1969 shugabannin Afirka suka yi tasu a Adis Ababa, suka haɗa da wanda yaƙi ko tashin hankali ya kora. Ƙasarmu Nijar ta yarda da su. Akwai kuma yarjejeniyoyin 1954 da 1961 domin mutumin da ba wata ƙasa da ta ɗauke shi ɗanta.

Zuciyar dokar 1951 tana cikin sashe na 33. Ma'anarsa ita ce, kada a mai da ɗan gudun hijira wurin da za a kashe shi ko a tsananta masa saboda kabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa. Wanda ya faɗo hannunka, ba ka miƙa shi ga mai binsa.

Wannan doka mai kyau ce, amma Allah ya riga mutane. Ka buɗe Littafin Ƙidaya sura 35, da Joshuwa sura 20. Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe birane 6 na mafaka: Kedesh, da Shekem, da Hebron a yammacin Kogin Urdun, Bezer, da Ramot, da Golan a gabas. Idan wani ya kashe mutum bisa kuskure, misali bakin gatari ya kuɓuce ya sami maƙwabcinsa, sai ya sheƙa zuwa ɗaya daga cikinsu. Dattawan gari su ji maganarsa a bakin ƙofa, su ba shi masauki. Mai ramuwar jini ya iso da takobi, ba su da izini su ba da shi. Ba Isra'ilawa kaɗai aka yi wa wannan tanadi ba, har da baƙon da ke zaune cikinsu. Can zai zauna har ranar da babban firist ya mutu, sa'an nan ya koma gida lafiya.

To, ga wurin da maganar ta taɓa ni da kai. Birnin mafaka ba ya ɓoye wanda ya yi kisa da gangan. Haka nan dokar Janeba ta fid da wanda ya aikata laifin yaƙi ko wani mugun laifi mai girma. Mafakar duniya ta marar laifi ce. Mu fa? Ƙaryar da ka yi, bisa kuskure ka yi ta? Mudun da ka tauye, da ƙiyayyar da ka ɓoye a ciki, ba da saninka ba ne? Mun yi zunubi ido buɗe, hukuncin Allah kuwa yana biye da mu. Wace iyaka za ka ƙetare ka tsere wa Mahaliccinka? Ba katin ɗan ƙasa, ba takardar gwamnati da za ta yi amfani a ranar shari'a.

Ga albishir. Allah ya buɗe mafaka domin masu laifi, ita ce Yesu Almasihu. Ya san ɗacin gudun hijira, gama tun yana jariri Yusufu da Maryamu suka gudu da shi Masar da dare, don sarki Hirudus yana neman ransa (Matiyu sura 2). Amma sa'ad da lokaci ya yi, bai gudu ba. Ya tsaya, ya ɗauki hukuncin da ke binmu a kan gicciye, a rana ta uku ya tashi. Shi ne Babban Firist wanda mutuwarsa ta saki mai laifi ya koma gidan Ubansa. Ya kuwa yi alkawari a Yahaya 6:37 ba zai kori wanda ya zo wurinsa ba.

Ka lura, mutumin da ya san sunayen biranen nan 6 amma ya zauna a gona, mai ramuwa zai cim masa. Sani ba ya ceto, sai an shiga. Kada ka ce sai gobe. Ka faɗa wa Yesu laifinka yau, da bakinka, ka roƙe shi ya karɓe ka.

Kai kuma ɗan'uwa mai bi, an karɓe ka kyauta ba da takarda ba. Littafin Firistoci 19:33-34 ya hana zaluntar baƙo, ya umarta a ƙaunace shi. Kada ka tsawwala masa kuɗin haya don ka ga ba shi da zaɓi. Kada ka rage masa ladan ƙodago. Ko wane addini ya ke bi, ka ba shi ruwa, ka raka shi wurin hukuma a rubuta sunansa da na 'ya'yansa. Ta haka zai ga irin Mai Ceton da ka ke bi.

In kana da tambaya, ka nemi fasto ko mai bishara na kusa da kai. Zai yi murna ya karanta waɗannan surori tare da kai.