Kada Son Mawaƙi Ya Raba Ka Da Ɗan'uwanka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a makon nan shi ne wani al'amari da ya auku a makarantar da nake koyar da Larabci. Akwai ɗalibaina biyu, 'yan unguwa ɗaya, waɗanda tun makarantar allo suke tare, sai na lura sun daina zama a benci ɗaya, ko sallama ba sa yi wa juna. Da na kira su na bincika, ashe musu ne ya haɗa su a kan wasu mawaƙa biyu na finafinan Hausa, kowa ya ce gwaninsa ne ya fi. Ɗaya ya kira ɗan'uwansa baƙauye wanda bai san waƙa ba, shi kuma ya rama da zagin iyaye. Kwana goma sha ɗaya suka yi suna gaba, alhali kuwa mawaƙan nan ba su ma san da zamansu a duniya ba.

Irin wannan musu ba yau aka fara shi ba. Mun taso mun tarar da iyayenmu suna gardama a kan Alhaji Mamman Shata mai kalangu, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Mu ma da ƙuruciya mun sha yin ta a kan 'yan wasan Indiya, Amitabh da Dharmendra, waɗanda suka fito tare a fim ɗin Sholay na 1975. Sai dai a lokacin gardamar tana ƙarewa a teburin mai shayi, a tashi a yi dariya. Yanzu kuwa rubuta ta ake yi a Facebook, dubban mutane su karanta, zagin ya zauna a wurin bayan fushin ya daɗe da hucewa.

To, a nan akwai abubuwa biyu da ya wajaba mu rarrabe, watau hukunci da kuma zauƙi.

Hukunci na Shari'a ne. Jamhurun malamai sun hana sauraron kayan kiɗa, in banda bandiri a wajen biki, kuma mai littafin Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, yana kan wannan hani. Ibnu Hazmin na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan halasci. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u ya yi bayani da sharuɗɗa. Amma dukkansu sun haɗu a kan cewa waƙar batsa, da nuna tsiraici, da duk wani wasa da zai sa mutum ya tozarta salla, haramun ne. Wannan sha'ani na ilimi ne, wajen malamai ake neman sa, ba a warware shi da ihu a bakin titi.

Shi kuwa zauƙi kalma ce ta Larabci wadda asalinta ɗanɗano da harshe, daga baya aka are ta ga abin da zuciya take jin daɗinsa na murya ko magana ko launi. Mafi yawan musun matasanmu a nan yake. Ba su cewa wannan halal ne wancan haram, cewa suke yi muryar wane ta fi daɗi, wane ya fi iya fitowa a sarki. Allah kuwa bai halicci mutane da ɗanɗano ɗaya ba. A cikin Suratur Rum Ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinSa.

Ku duba abin da ya faru a ɗakin Nana Maimunatu, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo. Ya miƙa hannu, da aka faɗa masa ko naman mene ne sai ya janye. Halidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haramun ne. Ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Halidu ya jawo naman ya ci, Manzon Allah yana kallonsa bai hana shi ba. Idan fiyayyen halitta bai mai da abin da ransa ya ƙi ya zama doka a kan sahabinsa ba, to kai wane ne da za ka wajabta wa ɗan'uwanka son abin da kake so? Abu Huraira ma ya shaida cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Kada wani ya ɗauki wannan ƙissa hujjar sauraron kowace irin waƙa, domin damo halal ne tun asali. Abin da muke koyo a cikinta shi ne ladabi. Inda abu ya zama na ɗanɗano, ka ce ni ban so, ka yi shiru. Inda kuma ya zama saɓon Allah a fili, to ka yi wa ɗan'uwanka nasiha a keɓe da lafazi mai taushi, kamar yadda Suratun Nahli ta umarta a yi kira da hikima da kyakkyawan wa'azi.

Haɗarin musu shi ne abin da yake haifarwa. Masu karatun waƙoƙin Jahiliyya sun san yaƙin Dahis da Gabra'u. Tseren dawaki biyu ne kawai tsakanin ƙabilar Absu da ta Zubyanu, aka yi maguɗi, kowane ɓangare ya ce dokinsa ne ya ci. Daga nan jini ya zuba, masu tarihi suka ce an shekara kusan arba'in ana yaƙi, har sai da dattawa biyu, Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, suka ɗauki nauyin diyya daga dukiyarsu, Zuhairu ya yabe su a cikin Mu'allaƙarsa. Wannan ita ce asabiyya, watau goyon bayan naka ko a kan gaskiya ko a kan ƙarya, kuma Musulunci ya zo ya rushe ta.

Ka lissafa zunuban da ɗalibaina suka kwasa a musu ɗaya. Akwai izgili da jifa da mummunan laƙabi, waɗanda Suratul Hujurati ta hana. Akwai jawo wa iyaye zagi, wanda hadisi ya sa a cikin manyan zunubai, domin wanda ya zagi uban wani shi ya jawo a zagi nasa. Akwai gaba fiye da kwana uku. Sa'an nan akwai cin naman mawaƙan da kansu, domin su ma Musulmi ne, shahara ba ta halatta mutuncinsu ba. Ashe mutum zai iya fita musun da zunubin da ya fi na waƙar da ake musu a kanta. A ɗaya gefen kuma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya lamunce gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar musu ko da shi ne mai gaskiya.

Na zaunar da yaran nan na karanta musu ƙissar damo, na tambaye su wanda zai riga ɗan'uwansa sallama, tun da shi ne mafi alheri a cikinsu. Ƙaramin ya miƙa hannu. Har yau kowa yana nan da gwaninsa, amma sun koma benci ɗaya.

Saboda haka ina kira ga iyaye da malamai su riƙa sauraron hirar yaransu, su koya musu bambancin abin da Shari'a ta yanke da abin da rai yake so. Ku kuma matasa, ranar da aka kwantar da ɗayanku a asibiti, ɗan'uwan nan da ka zaga shi ne zai zo dubiya, ba mawaƙin ba.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.