Waƙar da Aka Ɗauka Ba Ta Bar Wurinta Ba

A watan Oktoba na 2007 wata kotun tarayya da ke Duluth, a jihar Minnesota ta Amurka, ta umarci wata mata mai suna Jammie Thomas ta biya kamfanonin waƙa dala 222,000. Laifinta waƙoƙi 24 ne da aka same ta da saukewa da kuma barin su a buɗe ga jama'a ta manhajar Kazaa. Kowace waƙa ta tashi a kan dala 9,250, alhali a wannan lokacin ana sayar da irinta a shagon iTunes a kan abin da bai cika dala guda ba. Da aka sake shari'ar a 2009 sai kuɗin ya yi tsalle zuwa dala miliyan 1.92. Aka yi ta kai-komo har 2012, inda kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi inda ya faro.

Babu shagon da aka fasa, babu faifai ko ɗaya da ya ɓace daga kanta. Waƙoƙin suna nan a rumbun kamfanonin kamar yadda suke tun farko. To me matar nan ta ɗauka? Wannan tambaya ta girmi kotun Duluth, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da kokawa da ita: abin da ake iya ɗauka ba tare da ya ragu ba, shin dukiya ne?

Har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce waƙa tana da jiki. Ko dai faifan garmaho, ko kaset, ko faifan CD, duk abubuwa ne da ake ɗaga su, a ajiye, a ba da aro, su karce, su karye. Wanda ya saci faifai ɓarawo ne, babu mai gardama. Wannan jikin kuma shi ne ya riƙe kasuwar. A shekarun 1990 manyan kamfanonin Amurka sun yi ta janye faifan waƙa ɗaya daga shaguna, don mai son waƙa guda ya sayi kundin gaba ɗaya, da waƙoƙi goma sha wani abu da wataƙila bai damu da su ba. A 2000 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta ƙiyasta cewa tsarin ƙayyade farashi da manyan kamfanoni biyar suka bi ya sa masu saye sun biya rarar kusan dala miliyan 480 cikin shekara uku. A 1999 cinikin waƙa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6, matsayin da bai taɓa kaiwa ba kafin nan.

A watan Yuni na 1999 wani matashi ɗan jami'a, Shawn Fanning, ya fito da Napster, manhajar da ke ba kowa damar kwafar waƙa daga kwamfutar wani kyauta. Ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta kai ƙara a 2000, kotu ta sa aka rufe manhajar a 2001, amma wasu sun riga sun maye gurbinta. Sai a 28 ga Afrilun 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes da farashi ɗaya: santi 99 kowace waƙa. Cikin makon farko aka sayi miliyan ɗaya. Mutane sun nuna suna son biya, sai dai waƙar da suke so kawai za su biya wa. Cinikin waƙa ɗaiɗai ya yi ta hawa har ya kai waƙoƙi sama da biliyan 1.3 a Amurka a 2012, cinikin kundi kuwa ya yi ta gangarowa. Kamfanin Tower Records mai manyan shagunan faifai ya durƙushe a 2006. Zuwa 2014 kuɗin da ake samu ya koma kusan dala biliyan 7, wato ƙasa da rabin na 1999.

Masu kare kwafi suna da hujja mai ƙarfi, kuma tsohuwa ce. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya kawo ta a wata wasiƙa ta 1813 da misalin mai kunna fitilarsa daga ta wani. Bahaushe ya san wannan sarai: yarinyar da aka aika ɗebo wuta a maƙwabta ba ta rage musu komai a murhu ba, kuma babu wanda ya taɓa neman kuɗin garwashi. Idan waƙa haka take, hana ta rowa ce tsagwaronta.

Akwai malaman Musulunci da suka tsaya kusa da wannan ra'ayi. A asalin mazhabar Hanafiyya dukiya ita ce abin da ake iya kamawa a adana don ranar buƙata, saboda haka amfani kaɗai, wanda ba shi da jiki, bai shiga sahunta ba. Mufti Muhammad Shafi, babban malamin Pakistan da ya rasu a 1976, ya tafi a kan cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya so da shi, har da sake buga shi, kuma abin da marubuci ya rasa riba ce da yake hange, wadda ba ta taɓa shiga hannunsa ba. A bayan wannan fatawa akwai tsoro na gaskiya, tsoron kada a kulle ilimi a bar shi ga mai kuɗi kawai. Ƙasar Hausa ma ta ginu a kan kwafi. Waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na 'yarsa Nana Asma'u da hannu almajirai suka yi ta juyar su daga gari zuwa gari, kuma kowa yana ganin aikin lada ne.

Sai dai sauran mazhabobi uku, har da Malikiyya da mafi yawan Hausawa ke bi, suna ƙirga amfani a cikin dukiya. Da haka ne ma hayar gida da ladan aiki suka zauna daram, kuma Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani. Ɗan Mufti Shafi kansa, Mufti Taqi Usmani, ya saɓa wa mahaifinsa, ya ce al'adar mutane ta mayar da irin waɗannan haƙƙoƙi abin ciniki. A watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa sunan kamfani da haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta kuɗi, shari'a ta kare su, bai halatta a keta su ba. Wannan ya zo fiye da shekara goma kafin Napster.

Ra'ayi na biyun ya fi nauyi, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin waƙar. Kwafi na dubu ba ya cin ko sisi, gaskiya ne, amma kwafi na farko ya ci watanni. Akwai wanda ya tsara baiti, akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai kuɗin sutudiyo da na man janareta. Duk wannan an kashe shi ne da fatan masu saurare za su raba nauyin a tsakaninsu, kowa ya ɗauki ɗan kaɗan. Wanda ya more aikin ya ƙi ɗaukar nasa kason ya bar wa wasu kayansa, kuma ya yi amfani da gumin wani ba da yardarsa ba. Yardar mai abu ita ce ƙashin bayan halaccin dukiya a Musulunci. Shehu da 'yarsa sun rubuta don a yaɗa, sun yarda tun farko. Mawaƙin da ya sa wa aikinsa farashi bai yarda ba.

Wannan ba ya nufin a kira kowane mai saukewa ɓarawo a ma'anar shari'a. Satar da ke jawo haddi tana da sharuɗɗa: a ɗauki abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa, ya kai nisabi, babu shubuha. Kwafi bai cika su ba. Cin haƙƙi ne, kuma maganin cin haƙƙi shi ne biyan gwargwadon ɓarna. Da wannan ma'auni, dala 9,250 a kan waƙar santi 99 hukunci ne da ya fi laifin girma nesa ba kusa ba. (Wanda yake ganin kiɗa haramun ne bai fita daga zancen ba, domin karatun alaramma da wa'azin malami da waƙar bege duk ta hanya ɗaya ake naɗarsu, ta hanya ɗaya kuma ake kwafarsu.)

Rushewar kundi ta tayar da wata tambayar: mai aiki yana da ikon cewa yadda za a saurari aikinsa? A watan Maris na 2010 ƙungiyar Pink Floyd ta yi nasara a kan kamfanin EMI a babbar kotun Landan, inda alƙali ya tabbatar da sharaɗin yarjejeniyarsu da ya hana sayar da waƙoƙinsu a rarrabe. Su a ganinsu kundi labari ne guda da ba a yanka shi. Ba a yi shekara ba suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya da ta yarda da sayar da ɗaiɗai. Mawaƙan ƙungiyar AC/DC sun dage har 2012, su ma suka shiga iTunes. Kotu ta tabbatar da haƙƙin, kasuwa ta sa masu shi suka sauke shi da kansu.

A Kano labarin ya zo da tasa fuskar. Kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta ciyar da mawaƙa da 'yan fim shekaru masu yawa, sannan wayar hannu ta zo da 'yan dawunlodin, matasa masu kwamfuta a ƙaramin shago ko ƙarƙashin lema, suna cika wa mutum memori da waƙoƙi da fina-finai a kan kuɗi ƙalilan. Su ma neman halaliyarsu suke a ƙasar da aiki ya yi wuya, kuma su ne suka kai waƙa ƙauyukan da babu shagon faifai. Amma a mafi yawan lokuta kuɗin yana tsayawa a teburinsu. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Maris na 2023 ta shigo da abin da ake yaɗawa ta intanet, sai dai doka a takarda ba ta bin mutum har cikin aljihunsa.

Nan ne ya kamata mai saurare ya tsaya ya yi tunani, domin waƙa ba ta taɓa zama kyauta ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a watan da Napster ta fito, da Musa Ɗanƙwairo da sauran makaɗan da, rayuwarsu ta dogara ne a kan iyayen gida: sarki, attajiri, mai biki. Kasuwar faifai ta buɗe wata ƙofa, inda dubban talakawa, kowa da ɗan kuɗinsa, suka zama uban gidan mawaƙi. Da wannan kasuwa ta mutu sai mawaƙi ya koma ga mai iya biya shi kaɗai, kuma a yau mai iya biyan sau da yawa ɗan siyasa ne. Masu kukan cewa waƙar Hausa ta cika da kirarin 'yan takara su tambayi kansu yaushe rabon da su biya kuɗin waƙar da suke so. Mawaƙi ma yana da iyali, kuma bakinsa yana karkata inda abincinsu yake fitowa.

Ma'aunin da aka auna mai saukewa da shi dole a ɗora kamfani a kansa. A fiƙihu ciniki yana mayar da mallaka cikakkiya ga mai saye: ya sayar, ya kyautar, a gaje shi. Mai faifan CD yana da duk wannan. Wanda ya biya santi 99 kuwa izinin saurare kawai ya samu. Da kamfanin ReDigi ya buɗe kasuwar sayar da waƙoƙin da mutane suka saya suka gaji da su, wata kotun New York ta yanke a 2013 cewa hakan ya saɓa doka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. Miliyoyin mutane sun biya kuɗi suna zaton saye suka yi, alhali abin ya fi kama da haya, kuma ɓoye haƙiƙanin yarjejeniya ga mai biya aibi ne babba a cinikin Musulunci. Sai a 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mutum cewa izini yake biya wa.

Yanzu ma saukewar ta zama tsohon yayi. A 2023 kashi 84 cikin ɗari na kuɗin waƙa a Amurka daga sauraro kai tsaye ya fito, saukewa kuwa ta koma kusan kashi 3. A Disamban 2014 mujallar Billboard ta fara lissafa sauraro 1,500 ko sayen waƙa goma a matsayin kundi ɗaya. Manhajar sauraro ta Boomplay ta fara aiki a Najeriya a 2015, Spotify ta iso a 2021, kuma sun rage satar fasaha fiye da yadda kotuna suka iya, domin sun sa halal ta fi sauƙi. Amma rabon yana da nasa ƙullin. Ana tara kuɗin masu biya a tukunya ɗaya, a raba gwargwadon yawan sauraro, don haka kuɗin wanda bai saurari kowa ba sai mawaƙin garinsu yawancinsa yana tafiya ga taurarin duniya. Daga 2024 Spotify ta daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin shekara, tana mayar da kason cikin tukunyar. Sha'irin da aka saurari ƙasidarsa sau ɗari tara, ta halastacciyar hanya, daga mutanen da suka biya kuɗinsu, ba zai ga ko kwabo ba, kuma abin da ya kamata ya zama nasa zai shiga asusun waɗanda suka fi shi suna.