Tafiyar Ƙasa a Ƙurɗuba: Kallo ko Lura?

Ƙurɗuba tana kudancin Sifaniya, a bakin kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir. Lungunan tsohon garin matsattsu ne, saboda haka da ƙafa baƙo yake ratsa su. Irin wannan tafiya tana da hukunci a addini, domin Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a zaga bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Malamai suna kiran wannan dubawa i'itibari, wato ɗaukar darasi. Abin tambaya shi ne wane darasi ne garin yake bayarwa.

Mai tafiya yakan faro daga gadar da Rumawa suka gina, ya haura zuwa babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa a wajajen 785. Ginshiƙansa sun haura 800, kuma da yawa daga na farko an kwaso su ne daga gine-ginen Rumawa da na Kiristocin da suka riga Musulmi mulkin ƙasar. A 1236 Sarki Fadinan na Uku ya ci garin, aka mai da masallacin coci. Daga 1523 aka gina wata babbar majami'a a tsakiyarsa, hasumiyar kiran salla kuma aka lulluɓe ta da ginin ƙararrawa. Mihirabin yana nan da adonsa na zinariya, amma ba a barin Musulmi ya yi salla a gabansa.

A nan zuciyar Musulmi takan karaya, kuma ba abin zargi ba ne. Garin Ibn Rushd ne, mai Bidayatul Mujtahid, garin Imam Ƙurɗubi da ake karanta tafsirinsa a zaurukan Kano da Sakkwato. Sai dai baƙin ciki shi kaɗai bai kai i'itibari ba, don yakan ɗora laifi duka a kan baƙo. Wanda ya ƙara 'yan taku zai iske unguwar Yahudawa da ɗan ɗakin ibadarsu na 1315. Su ma an kore su a 1492, rashin kuwa bai tsaya kan al'umma ɗaya ba.

Hujja mafi nauyi cewa laifin ba na baƙo kaɗai ba ne tana wajen gari, kimanin kilomita 8 yamma, a kufan Madinatuz Zahra. Abdurrahman na Uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, shi ya soma gina wannan fada a wajajen 936. Ba ta cika shekara 80 ba aka wawashe ta a yaƙin basasar da Musulmi suka gwabza a tsakaninsu kan gadon mulki. Halifancin ya rushe a 1031, ƙasar ta tsattsage zuwa ƙananan masarautu masu gaba da juna, har wasunsu suna biyan sarakunan Kirista haraji don a kare su daga 'yan'uwansu. Sai bayan shekara 205 da wannan rushewa rundunar Fadinan ta shiga Ƙurɗuba.