Abin Hawan Haya: Amana Ce ko Ganima?

Jama'a, akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: abin da ba naka ba ne amma yana hannunka, wa zai kula da shi?

A birnin Paris na Faransa, kamfanoni sun zuba ƙananan babura masu lantarki a titi, kowa ya biya ta waya ya hau. Masu hawa suka riƙa yasar da su a hanyar masu tafiya a ƙasa, haɗari ya yi yawa. A watan Afrilu 2023 aka yi ƙuri'a, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka jefa suka ce a kwashe, kuma aka kwashe a Satumba. Sakacin wasu ya jawo wa kowa asara.

Mu nan Kafanchan ba baƙin haya ba ne. Da yawanmu da keken haya muka koyi hawa. Yau kuma, tun cire tallafin mai a Mayu 2023, samarinmu da dama babur ko Keke Napep na wani suke ja, suna kai balas kullum. Sai ka ga yaro ya lafta wa babur buhunan citta, ya faɗa ramuka a hanyar Kwoi, ba ya juye baƙin mai, wai ai ba nasa ba ne.

A fiƙihun Malikiyya, ɗan haya amintacce ne: in abu ya lalace ba da sakacinsa ba, ba ya biya. In ya wuce iyaka ko ya yi wasarere, ramuwa ta hau kansa. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ma ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita, ba ta ce sai in Musulmi ne ba. Babur ɗin maƙwabcinmu Bajju ko Atyap amana ne daidai da na Alhaji.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai babur da ya ɗora balas ɗin da ba a iya haɗawa sai da gudu da lodi, shi ya tura yaron ga ɓarna, yana da kaso a alhakin.

Don haka mu rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne balas, wa ke gyara, wa ke sayen taya. Duk babur ɗin da aka kashe yau, ƙofa ce aka rufe wa wani yaron da zai nemi haya gobe. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.