Hukuncin da ake yankewa kafin a shiga kotu

Idan aka ce wani ya lalata yaro, zuciya takan riga hankali yanke hukunci, wanda kuwa ya ce a dakata a bincika sai a dube shi tamkar abokin laifi. Shin tausayin yaro yana halatta a zalunci babba?

Faransa ta ɗanɗani ɗacin wannan tambaya a shari'ar Outreau, wani gari a arewacin ƙasar. A 2001 aka soma bincike kan wasu yara da suka ce iyayensu na lalata da su, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai uwarsu, Myriam Badaoui, ta shiga jero sunaye, yaran ma suka ambaci wasu: maƙwabta, limamin coci, mai sayar da burodi, direban tasi. Alƙali mai bincike, Fabrice Burgaud, matashi sabon shiga aiki, ya sa aka tsare su. Jaridu da talabijin suka cika ƙasa da labarin babbar ƙungiyar masu cinikin yara wadda wai ta kai har Beljiyam, inda tabon ta'asar Marc Dutroux ta 1996 bai warke ba. Wannan ƙungiya ba ta taɓa wanzuwa ba.

Mutum 17 aka gurfanar a Saint-Omer a 2004. Ana cikin zama uwar ta janye zarginta a kan mafi yawansu. Aka wanke bakwai, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta wanke shida a Disamba 2005. Wani da ake tuhuma ya riga ya mutu a kurkuku tun 2002. Shugaba Jacques Chirac ya nemi gafarar waɗanda aka wanke.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar tunani. Kafafen da suka la'anci mutanen jiya suka juya kan alƙalin, aka nuna amsa tambayoyinsa gaban ƴan majalisa kai tsaye a 2006. Cikin hayaniyar aka kusa mantawa cewa kotu ta tabbatar an cuci yara 12, ta kuma hukunta mutum huɗu. Jama'a suka tashi daga "yaro ba ya ƙarya" suka faɗa "maganar yaro ba abin dogaro ba ce", duka biyun kuwa ragwancin bincike ne.

Nijar ta gaji tsarin alƙali mai bincike daga Faransa, saboda haka labarin ba baƙo ba ne. A Madawa, Buza ko Keita jarida ba ta da yawa, amma akwai rediyo, akwai ranar kasuwa, akwai saƙon murya na WhatsApp da kan riga jandarma isa ƙauye. Magana zarar bunu ce. Wanda kotu ta wanke yakan dawo gida ya tarar masu neman ɗiyarsa sun janye, takardar alƙali kuwa ba mai karanta ta a majalisar ƙofar gida.

Musulunci ya tsananta kan ƙazafi, har ya yanka bulala 80 ga mai jifan kamila da zina ba tare da shaidu huɗu ba. Amma zalunci ne a ɗauki wannan hukunci a rufe bakin yaro da shi, domin yaron da ya kai kuka ba shi ne mai yaɗawa ba. Malamin makaranta ya san nauyin abin ta fuska biyu: sau da yawa shi ne farkon wanda yaro ke gaya wa, kuma yana cikin waɗanda zargi ke saurin faɗawa kansu. Aikinsa ya saurara, ya riƙe kalmomin yaron yadda suka fito ba tare da sa masa suna a baki ba, ya kai su ga hukuma kafin su kai kasuwa.